Gwajin Weierstrass ba shi ne alƙalin ƙarshe ba

Akwai kuskure ɗaya da nake yawan cin karo da shi a amsoshin ɗaliban lissafi idan aka zo kan jerin fankishin. Ɗalibi zai jarraba gwajin M na Weierstrass, gwajin ya ƙi ci, sai ya yanke hukuncin cewa jerin ba ya kusantar jimlarsa bai-ɗaya. Wannan hukunci ba shi da madogara, domin gwajin yana tabbatarwa ne idan ya ci, amma faɗuwarsa ba ta ƙaryata komai.

Asalin maganar tana kan saura ne, wato giɓin da ke tsakanin cikakkiyar jimla da tarin gaɓoɓi N na farko. Idan ga kowane x ana iya samun N da zai mayar da sauran ƙasa da ε, wato kowace ƙaramar lamba sama da sifili da aka zaɓa, jerin ya kusanci jimlarsa wuri-wuri. Idan kuwa N guda ɗaya ya wadatar da dukkan x da ke cikin tazarar lambobin da ake dubawa a lokaci guda, to, an sami kusanta ta bai-ɗaya. Bambancin kamar ƙarami ne, amma ya taɓa ruɗa manya. A 1821 Cauchy ya rubuta cewa jimlar jerin fankishin marasa yankewa ita ma ba ta yankewa, sai Abel ya kawo misali a 1826 da jerin sin x − (sin 2x)/2 + (sin 3x)/3 − ..., wanda jimlarsa x/2 ce tsakanin −π da π, amma daidai kan π ta faɗo sifili. Kowace gaɓa santsi gare ta, jimlar kuwa ta yi tsalle.

Gwajin M yana da sauƙi, shi ya sa ake ƙaunarsa. Ana neman lamba Mₙ wadda girman gaɓa ta n bai wuce ta ba ko'ina a tazarar, kuma idan jimlar waɗannan lambobi tana da iyaka, magana ta ƙare: jerin yana kusantar jimlarsa bai-ɗaya. Jerin (sin nx)/n² misali ne, tunda babu gaɓar da girmanta ya haura 1/n², kuma Euler ya riga ya nuna cewa jimlar 1/n² ita ce π²/6.

Yanzu a ɗauki jerin x − x²/2 + x³/3 − ... a tazarar 0 zuwa 1, har da bakinta biyu. Mafi ƙanƙantar Mₙ da za a iya zaɓa ita ce 1/n, domin nan gaɓar take kaiwa idan x ya zama 1, kuma jimlar 1/n ba ta da iyaka. Gwajin ya faɗi ke nan. Sai dai alamomin jerin suna musanya tsakanin tarawa da ɗebewa, gaɓoɓin kuma suna raguwa, saboda haka sauran ba ya wuce gaɓar farko da aka bari, wadda ita ma ba ta wuce 1/(N+1) ga kowane x. Wannan iyaka babu ruwanta da x, don haka jerin yana kusantar ln(1+x) bai-ɗaya. A ganina wannan misali ya cancanci a koyar da shi rana ɗaya da gwajin kansa.

Mai son ƙaryata kusanta ta bai-ɗaya dole ya koma kan sauran. A jerin xⁿ(1−x), daga n = 0, a tazarar 0 zuwa 1, tarin gaɓoɓi N na farko shi ne 1 − xᴺ, jimlar kuma 1 ce muddin x bai kai 1 ba, sifili ce daidai kan 1. Komai girman N, za a sami x kusa da 1 wanda xᴺ ɗinsa ya haura rabi, don haka babu N ɗaya da zai isa kowa. Idan aka taƙaita tazarar daga 0 zuwa 1/2, sauran ba ya wuce (1/2)ᴺ, kuma jerin nan da ya gaza ɗazu yana kusantar jimlarsa bai-ɗaya.