Na ɗauka `name` a `constructor-arg` ya isa, sai da takardar kuɗi ta iso

Manhajar da nake kula da ita tsohuwa ce, an rubuta ta da harshen Java a kan Spring, wato tsarin da ke haɗa sassan manhaja da juna, kuma har yau da fayilolin XML ake haɗa yawancin sassanta. Aikinta aika saƙonnin tes ga abokan cinikin wani kamfani. Akwai kilas ɗaya, wato sashen manhaja, da ke riƙe da hanyar aikawa, konstraktansa, wato abin da ake kira don gina shi, na karɓar abu uku: adireshin babbar hanya, adireshin hanyar ko-ta-kwana, da daƙiƙun da za a jira kafin a haƙura da ta farko. Biyun farko duk `String` ne, wato rubutu. Hanyar ko-ta-kwana ta wani dillalin saƙonni ce dabam, tana aiki lafiya ƙalau, sai dai tsadarta ta sa ba a taɓa ta sai babbar ta faɗi.

A cikin XML ɗin, wanda ya rubuta shi tun kafin zuwana ya fara jera `fallbackUrl`, adireshin ko-ta-kwana, sannan `primaryUrl`, na babbar hanya, akasin yadda suke a konstrakta. Wannan ba laifi ba ne, domin kowane layin `constructor-arg`, mai miƙa wa konstrakta ƙima, na ɗauke da `name`, wato sunan gurbin da ƙimar za ta shiga. Shekaru ana tafiya a haka. Ni kaina duk lokacin da na buɗe fayil ɗin na ga sunayen, sai hankalina ya kwanta.

Muka ɗaga manhajar zuwa Spring 6.1. Komawa Java 17 da sauya `javax` zuwa `jakarta`, waɗanda kowa ke tsoro, suka wuce ba wata hayaniya. Gwaje-gwaje duk suka yi kore, manhaja ta tashi, saƙonni na isa wayoyin mutane. Sai ƙarshen wata mai kula da asusu ya kira ni yana tambaya ko babbar hanyarmu ta mutu ne ba a gaya masa ba, don takardar kuɗin da dillalin ko-ta-kwana ya turo ba ta yi kama da wadda aka saba gani ba. Kowane saƙo na watan nan ta hanya mai tsada ya bi, ita kuwa mai arha tana zaune tana jiran ranar da za a buƙace ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu ko layi ɗaya na kuskure a log, inda manhajar ke rubuta abin da ke faruwa da ita. Da manhajar ta ƙi tashi ne, da a ranar aka gyara.

Ga abin da ya faru. Sunayen guraben konstrakta ba sa shiga fayil ɗin `.class` ta hanyar da Java ke iya karanta su kai tsaye, sai an ba `javac`, kompailan da ke mayar da rubutun Java zuwa `.class`, tutar `-parameters`, wadda ta zo tun Java 8 a 2014. Kafin nan, da ma bayan nan, Spring na da wata dabara: yana leƙa bayanan gyaran kuskure da tutar `-g` ke bari, wato `LocalVariableTable`, ya tsinto sunayen daga can. Maven kuwa, kayan aikin da muke gina manhajar da shi, na kunna `-g` da kansa, shi ya sa ɗimbin manhajoji suka rayu a kan wannan dabara ba tare da masu su sun sani ba. A 6.0 aka yi shelar za a daina, a 6.1 da ya fito a Nuwamban 2023 aka cire kilas ɗin da ke wannan aiki, `LocalVariableTableParameterNameDiscoverer`, gaba ɗaya. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a bayanan ɗagawa. Masu Spring Boot da ke gadon saitinsa na Maven ko Gradle ba su ji komai ba, don an riga an kunna musu tutar. Namu `pom.xml` ɗin, wato fayil ɗin saitin Maven, na gargajiya ne, babu `-parameters` a ciki.

Na san da batun tutar. Abin da na sa rai shi ne idan sunaye suka ɓace, duk wurin da ya dogara da su zai yi ihu, kamar yadda `@PathVariable` marar suna ke yi. A konstrakta ba haka abin yake ba, kuma sai da na zauna na karanta `ConstructorArgumentValues` da `ConstructorResolver` na gane dalili. Spring na ajiye ƙimomin da ka rubuta kashi biyu: masu lambar gurbi, wato waɗanda ka ba `index`, da gama-gari, waɗanda ba su da ita. Kowace ƙima na iya zuwa da nau'i ko suna. Idan aka zo cike gurbi kuma ba a samo sunayen gurabe ba, sai a nemi ƙima da suna fanko, shi kuwa suna fanko a wannan wurin ma'anarsa kowane suna ya yi. Sai a ɗauki ta farko da ba a yi amfani da ita ba a ba gurbi na farko, ta biyu a ba na biyu. `name` ɗin da nake gani ina samun natsuwa ya zama ado kawai, jeri ne ke mulki. Jerinmu kuwa a juye yake.

Da a ce an musanya adireshi da daƙiƙun jira ne, da juya rubutu zuwa `int`, wato lamba, ya gaza, manhaja ta faɗi tun a tashi. Haɗarin na wurin gurabe biyu masu nau'i ɗaya waɗanda kowace ƙima ke iya zama a kowanne: adireshi biyu, lambobin tashar sadarwa biyu, lokacin jiran haɗuwa da na jiran amsa. Kamar mukullai biyu ne da kowanne ke buɗe ƙofar ɗan'uwansa, ba za ka san an musanya maka ba sai ka ga kanka a ɗakin da ba naka ba.

Gwaje-gwajenmu ma ba su da hanyar kamawa. Duk da `new` suke gina kilas ɗin, su miƙa ƙimomi da hannu a jerin da ya dace. Babu ko ɗaya da ke loda ainihin XML ɗin ya tambayi abin da aka gina wace hanya ya riƙa a matsayin babba. Kompaila ba ya karanta XML, gwaji bai karanta ba, saura idon mutum, shi kuma ido suna yake gani ya wuce.

Gyaran gaggawa layi ɗaya ne: `<parameters>true</parameters>` a saitin `maven-compiler-plugin`. Kada ka yarda da shi a baki. Ka gina, ka duba fayil ɗin da `javap -v`, ka ga `MethodParameters` da idonka. Ka kuma tuna tutar na shafar abin da kai ka harhaɗa ne kaɗai. Kilas ɗin da ya fito daga wani `jar` na waje, wato ƙunshin da wasu suka riga suka harhaɗa, idan masu shi ba su kunna ta ba, sunayensa ba sa nan, kuma `name` a kansa na iya komawa bin jeri a ɓoye. A irin waɗannan `index` nake sa wa yanzu, ana fara ƙirga shi daga 0. Na san masu cewa `index` na karyewa idan aka sauya jerin konstrakta, gaskiya ne, amma aƙalla abin da ya ce zai yi shi yake yi. A namu kilas ɗin kuwa akwai `@ConstructorProperties`, inda kake rubuta sunayen a jikin konstrakta, ba ruwansu da tutar kompaila. Rauninsa shi ne idan wani ya juya gurabe bai juya sunayen ba, an koma gidan jiya.

Abin da ya kwantar mini da hankali da gaske shi ne raba nau'in. Na yi `record` biyu ƙanana, wato kilas masu riƙe bayani kawai, ɗaya na babbar hanya, ɗaya na ko-ta-kwana, kowanne na riƙe da `URI`, na mayar da haɗin wannan sashen cikin Java da `@Bean`. Yanzu idan wani ya juya su, kompaila ne zai tare shi kafin ma a kai ga gwaji. Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci ne a yi kilas biyu don adireshi biyu. Na tura masa hoton takardar kuɗin.

Sauran XML ɗin ba zai ƙaura a wata ɗaya ba, don haka na bi shi fayil-fayil ina neman duk konstraktan da ke da gurabe biyu masu nau'i ɗaya, na daidaita jerin layukan da na konstrakta ko da akwai `name`, na ƙara gwajin da ke loda saitin na gaske ya duba ƙimomin. A nan na ci karo da wani wurin da lokacin jiran haɗuwa da na jiran amsa su ma suka musanya tun ranar ɗagawar, ba wanda ya lura. Kuma manhajar yanzu tana rubuta hanyar da ta ɗauka a matsayin babba a log duk lokacin da ta tashi, mai kula da asusu kuma yana samun ƙidayar saƙonnin kowace hanya duk mako, ba sai ƙarshen wata ba.