Sau Biyu Na Sallame Ta da Maganin Olsa

Yarinyar ba ta wuce shekara 16 ba. Ba zan faɗi unguwarsu ba, kuma na sauya duk abin da zai sa a gane ta, domin Zariya duk girmanta gida ɗaya ce: maganar da aka yi a Tudun Wada da hantsi, kafin la'asar ta isa Samaru. Abin da ban sauya ba shi ne, sau uku ta zo wurinmu cikin wata biyu, kuma a zuwa biyun farko ni na auna ta, ni na rubuta a katinta, ni na raka ta bakin ƙofa ban ga komai ba.

Aikin jinya nake yi a ɓangaren yara. Mutane sun ɗauka aikinmu bai wuce jarirai da masu ƙyanda da tamowa ba, amma kullum a benci akwai waɗanda suka girmi layin yara ba su kuma kai na manya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa su daga shekara 10 zuwa 19. Su ne ba a cika jin muryarsu ba, saboda kusan ko yaushe wani babba ne ke yi musu bayani.

Ita ma haka aka yi. Mahaifiyarta ce ta riƙe katin, ita ta yi magana. "Sista, olsa ce. Ba ta cin komai sai ruwan shayi, kullum hannunta a ciki." Aka yi gwajin maleriya, ba a samu komai ba. Aka rubuta maganin gyambon ciki, na ja mata kunne kan yaji da zama da yunwa, suka tafi.

Bayan mako uku suka dawo. Yanzu har da ciwon kai da rashin barci, kuma ta taɓa yanke jiki ta faɗi a makaranta, aka ce iska ce, aka yi mata ruƙiyya. Na ɗora ta a sikeli na ga ta ragu. Ina ɗaura mata abin awon jini a dantse, sai waya ta yi gurnani a ƙarƙashin hijabinta. Na ji jikinta ya ƙame a hannuna kamar an taɓa ta da wuta. Ba ta ɗauka ba, amma idonta bai sake zama wuri ɗaya ba har suka fita. Abin da ya zo mini a rai lokacin shi ne, yaran yanzu da waya sai Allah. Har yau wannan tunanin yana damuna, domin a ƙarƙashin yatsuna jikinta ya faɗi gaskiya, ni kuwa na ba shi wata fassara.

Zuwa na uku kunne ne. Na hagu yana ɗan fitar da ruwa, ba ta ji sosai da shi, kuma yana mata ƙara kamar kukan gyare. Ba mura, ba zazzaɓi. Likita ya leƙa da na'urar duba kunne, ya daɗe, sannan ya ja ni gefe ya ce ƙasa-ƙasa, dodon kunnen ya huje, kuma irin hujin da mari ke yi ne. In tafin hannu ya rufe kunne gaba ɗaya da ƙarfi, iskar da ke ciki ba ta da mafita, sai ta fasa wannan 'yar fatar mai laushi. An fi ganin sa a kunnen hagu, domin yawancin mutane da dama suke mari, wanda ake mari kuma yana fuskantar su.

Na koma na ce wa mahaifiyar, "Mama, ki ɗan ba mu wuri, akwai tambayoyin da muke yi wa kowace budurwa ita kaɗai." Ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta ɗauki jakarta ta fita. Na ja labule, na jawo kujera na zauna daidai da ita maimakon in tsaya a kanta.

Da farko ta ce a banɗaki ta zame. Na ce, "Ƙanwata, faɗuwa ba ta cika yi wa kunne haka ba. Ba dole sai kin gaya mini yau ba. Amma in akwai wanda ke taɓa lafiyarki, ko wanda kike tsoro, nan wurin faɗa ne." Ta yi shiru har na fara jin kukan yaran da ke layin allura. Can ta ce, "Anti, in na faɗa za ki gaya wa Baba?"

Ban yi mata alkawarin ƙarya ba. Na ce ba zan kai maganarta ko'ina a bayan idonta ba, amma ita yarinya ce, in na ga rayuwarta na cikin haɗari dole mu nemi wani babba, kuma tare za mu zaɓi wanda za a fara gaya wa.

Saurayinta ne. Ba na ɓoye ba ne, manya sun shiga maganar, har an karɓi kuɗin gaisuwa. Shi ya saya mata wayar, shi ya san lambobin buɗe ta. In ya zo zance, kafin gaisuwa ta yi nisa sai ya miƙo hannu, ya bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya. In ya kira bai same ta ba, sai ta yi bayanin inda take da wanda ke kusa da ita. Ya raba ta da ƙawayenta biyu, ya ce su ke lalata ta. Marin kuwa a zauren gidansu aka yi shi bayan isha'i, mahaifiyarta na tsakar gida, saboda wani ɗan ajinsu ya turo mata tambayar jarrabawa. Washegari ya zo da tsire da katin waya yana rantsuwa ba zai sake ba. Wannan ne karo na huɗu.

"Kishi ne ya yi masa yawa, Anti. Sona yake yi."

Na tambaye ta ko ya taɓa kama mata wuya. Ta ɗaga kai da sauri kamar na leƙa zuciyarta. Sau ɗaya, in ji ta, har ta ga duhu, kwana biyu tana jin zafin haɗiyar yawu, muryarta ta dishe, aka ce sanyi ne ya kama ta. Ina roƙon duk wata uwa da duk wani ma'aikacin lafiya da ke karanta wannan ya riƙe wannan tambayar. Shaƙa sau da yawa ba ta barin tabo a fata. Abin da take bari shi ne dishewar murya, wahalar haɗiya, jiri, wani lokaci ɗigo-ɗigon jini a farin ido. Tana iya yi wa jijiyoyin wuya lahanin da ba zai bayyana ba sai bayan kwanaki. Kuma masu binciken kisan mata a hannun mazajensu ko samarinsu sun daɗe da gano cewa wadda aka taɓa shaƙewa ta fi sauran shiga haɗarin a kashe ta daga baya. Da na ji wannan, na san ba maganar da za ta kwana ba ce.

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da suka taɓa yin aure ko soyayya, kusan kashi 24 cikin 100 sun sha duka ko tilasta musu kwanciya daga abokin zaman kafin su cika 20. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan, kimanin yara miliyan 19. Lissafin duniya ne gaba ɗaya, amma tun da na karanta shi, in na fito da safe na ga 'yan mata huɗu a jere a benci, sai in ji gabana ya faɗi.

Ciwon cikin nan nata ba ƙarya ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Mutumin da ke kwana ya tashi cikin fargaba, jikinsa yana zama ne a shirye kamar wanda kare ya biyo. Zuciya na bugu da sauri, tsokar wuya da kafaɗa a ɗaure, ciki ba ya narkar da abinci yadda ya kamata, barci ya ƙaurace. In abin ya yi watanni, sai ya fito a matsayin ciwon kai, ciwon ciki, ciwon mara, rama, suma, faɗuwa jarrabawa. Mu kuma sai mu yi ta bin reshe muna barin saiwa. Ba ina cewa duk budurwa mai ciwon ciki dukanta ake yi ba. Olsa gaskiya ce, tsutsar ciki gaskiya ce, sikila ma tana nan. Amma in gwaji ya yi ta fitowa lafiya lau yarinya kuma tana ta dawowa, akwai tambayar da ba a yi ba.

Akwai kuma waɗanda ba su ake kawowa ba, su ke kawo wasu. Yarinya 'yar 17 da goyo, ta kawo jariri ba ya ƙiba, tana gyara mayafi ka hango shatin bulala ko wayar caja a hannunta. Katin da ke gabanmu na jaririn ne, sai mu manta mai goyon ma yarinya ce. Dukan mace a lokacin ciki yana jawo ɓari, haihuwa kafin lokaci, da jariri mai ƙarancin nauyi, kuma uwar da ke cikin ƙunci shayarwa ma wahala take mata. Samari ma ba su tsira ba, akwai waɗanda ake wulaƙantawa ko wani babba ya yi lalata da su, kunya ta hana su buɗe baki.

In abin ya kai ga fyaɗe ko tilastawa, lokaci ne ke gaba da komai. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa kwana 5, amma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Sau da yawa waɗannan kwanakin a zaman sulhu tsakanin dangi suke ƙarewa, sai an gama a rufa a rufa sannan a tuna da asibiti. A nan Zariya akwai cibiyar Salama a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wadda aka buɗe domin irin waɗannan. Ina jin daɗin cewa a asibitin da ke ɗauke da sunan wannan baiwar Allah take, matar da aka aurar tana 'yar 13, ta kuma ƙare rayuwarta tana faɗa da auren dole har ta rasu a 2001. Doka ma akwai: ta tarayya mai hana cin zarafin mutane tun 2015, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018.

Ranar dai, da muka zo zaɓar wanda za a fara gaya wa, yarinyar nan ta zaɓi mahaifiyarta. Na kira ta ciki, yarinyar ta kasa magana, ta ce in faɗa. Ina gamawa matar ta dafe ƙirji tana salati, hawaye na zuba. Sai kuma ta ce abin da na san za ta ce: "To Sista, ya za mu yi? An riga an karɓi kuɗin mutane. In aka fasa me za a ce da ita? Wataƙila in an yi auren ya nutsu. Mu ma haƙuri muka yi."

Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ke nan ranar da aka kai ta ɗaki. Na ce, "Mama, haƙuri da talauci daban, haƙuri da halin mutum daban, amma wannan wuyan 'yarki ne. Wanda ya shaƙe ta a zauren ubanta, kina tsakar gida, me zai hana shi in ya rufe ƙofa daga shi sai ita?" Na tuna mata abin da Nana A'isha ta faɗa, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce akwai ƙanenta, kawun yarinyar, shi Malam ke jin maganarsa.

Likita ya duba wuyan, ya rubuta duk abin da ya gani a kati dalla-dalla ko da za a buƙace shi gaba. Kunnen kuwa aka ce kada ruwa ya shiga, kada a ɗiga man zaitun ko wani abu, a toshe da auduga mai ɗan man shafawa lokacin wanka, irin wannan hujin yakan haɗe da kansa cikin makonni. Muka haɗa su da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, muka kuma yi shawara cewa daga ranar ba za ta sake fita zance ita kaɗai ba.

Tun daga lokacin na roƙi abokan aikina mu mayar da shi ƙa'ida: duk matashi ko matashiya, ko da ciwon ido ya kawo su, a ba su minti biyar ba tare da mai rakiya ba. In kowa ake yi wa, ba wadda za a zarga don an keɓe da ita. Layi yana da tsawo, mu kuma ba mu da yawa, wasu ranakun ba ya yiwuwa. Amma muna yi.

Bayan mako shida suka dawo. Kawun ya mayar da kuɗin gaisuwar, ya haɗa da wayar. Likita ya leƙa ya ce hujin ya rufe. Na tsaya ta bayanta na yi raɗa a kunnen hagu, ta maimaita abin da na ce daidai, har ta ɗan yi murmushi. Nauyinta ya ɗan ƙaru, amma barci bai dawo sosai ba. Da mahaifiyarta ta fita, ta ce mini wani lokaci tana kewarsa, tana jin kamar ita ta jawo, kuma in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida cikinta yakan murɗa. Na ce mata ba ita ta jawo ba, kewar ma ba laifi ba ce, kuma akwai mai ba da shawara da za ta riƙa gani. Ta juya bayan katinta, ta ari birona, ta ce in faɗa mata ranakun da nake aikin safe.