Goggo ta kawo dankali, ni kuma ina bayan Sisko

Laraba. Sanyin Jos yau ya kai maƙura, ruwan alwalar asuba ma sai da na ɗora a wuta. Ofis lafiya lau ba wani labari, sai cunkoson Bauchi Road da ya ci min kusan minti arba'in a cikin keke. Na dawo bayan la'asar na tarar da takalman Goggo a bakin ƙofa, ta kawo mana dankali rabin buhu daga Farin Gada. Na gaishe ta a tsaye na shige ɗaki.

Yanzu sha biyu ta wuce kuma barci ya ƙi zuwa, duk saboda fim.

Kun san tunda ƙanena Sadiq ya dawo hutu ya maida falon nan sinima, ya cika kwamfutarsa da tsofaffin Star Trek, finafinan nan na jiragen sararin samaniya, kullum bayan isha'i sai mun kalli kashi ɗaya ko biyu in dai akwai caji. Makon jiya muka kalli wanda aka yi a 1990, inda Borg suka sace Kyaftin Picard. Su Borg ɗin nan rabi jiki ne rabi inji, babu mai tunanin kansa a cikinsu, dukkansu murya ɗaya suke ji a kai. Suka dasa masa ƙarafa da wayoyi a fuska, suka canja masa suna zuwa Locutus, sannan suka kwashe duk sirrin yaƙin da ke kansa suka ragargaji mutanensa da shi a wani wuri a sararin samaniya da ake kira Wolf 359. Jirage 39, rayuka kusan 11,000. Kuma yana ji yana gani fa, bakinsa ke motsi amma ba shi ke maganar ba. Da aka ceto shi ya koma gonar inabin gidansu a Faransa, suka yi ta kokawa da yayansa Robert a cikin taɓo har ya fashe da kuka yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa ya kasa hana su. Wallahi ranar ni ma sai da na yi hawaye.

To yau sai Sadiq ya ce mu fara Deep Space Nine, wani reshen Star Trek na 1993. Ashe da wannan yaƙin dai aka buɗe shi, amma daga ɓangaren waɗanda aka kashe. Sisko, jarumin fim ɗin, yana cikin jirgin Saratoga, fuskar Locutus ta bayyana a allonsu, jim kaɗan wuta ta kama ko'ina, matarsa Jennifer ɓaraguzai sun danne ta, yana ta ƙoƙarin ɗaga ƙarfen ana jansa da ƙarfin tsiya yana ihu, da ɗansa Jake kawai ya tsira. Bayan shekara uku sai ga shi an tura shi ya karɓi umarni daga hannun wa? Picard. Picard ya tarbe shi da fara'a, shi kuwa Sisko ya ƙura masa ido ya tuna masa cewa ai sun taɓa haɗuwa, a fagen fama, yana Saratoga. Ku ga yadda fuskar dattijon nan ta mutu nan take.

Sadiq ya danna ya tsayar da fim ɗin. "Haba Yaya, wannan mutumin ba shi da adalci ko kaɗan. Sace shi fa aka yi, shi ma zaluntarsa aka yi."

Na ce na sani.

"To in kin sani miye na tsare shi da ido haka? Ko a addini ai an ɗauke alƙalami a kan wanda ba ya cikin hayyacinsa, balle wanda aka tilasta."

Na ce masa ni ban ce a kai Picard kotu ba, ban ce yana da zunubi ba, amma fuskar nan ita ce Sisko ya gani ranar da ya bar gawar matarsa a cikin wuta, muryar nan ita ya ji, yanzu kuma so kake ya zauna yana yi mata murmushi don kawai an ce masa wancan ba shi ba ne? Ido bai san da wannan bayanin ba Sadiq, ido abin da ya gani ya sani. Ya ce wannan ai son zuciya ne, na ce kai ba a taɓa yi maka ba ne shi ya sa, muka yi ta yi ina ta ɗaga murya ban ma lura ba, har na kawo masa labarin Wahshi da muka karanta a Islamiyya, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Sadiq ya ce ai Wahshi da hankalinsa ya jefa mashin, ba ɗaya ba ne. Kuma gaskiyarsa, ni ma na san ba ɗaya ba ne.

Mama tana gefe tana jan carbi, na ɗauka ma ba ta bin mu. Sai kawai ta ce, "Ke dai ba don Turawan nan kike ɗaga jijiyar wuya ba." Ta tashi ta shige ɗakinta.

Shekara shida kenan. Lokacin da ciwon Goggo ya tashi, wasu suka ce iska ne, likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, aka haɗa ruƙiyya da asibiti. Ina tsaye a kicin ranar da ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa ta watsa wa Mama, da idona na ga fatar hannun tana saluɓewa. Ta warke Alhamdulillah, tana shan maganinta, ta koma sana'arta, kowa a dangi ya ce ba ita ba ce, ciwo ne. Mama ta yafe tun kafin ƙunar ta bushe. Ni ma da baki na ce na yafe, amma har yau in na ga hannayen Goggo sai in ji ƙirjina ya ɗaure, ban iya zama kusa da ita, gaisuwata ba ta wuce ina wuni.

Abin da ke cina yanzu shi ne, na yi wa Picard kuka saboda yana tuna duk abin da aka aikata da hannunsa, amma a shekara shidan nan ban taɓa tambayar kaina ko Goggo tana tunawa ba. Ɗazu da na fito ɗaukar filas na gan su a kan tabarma, Mama ta miƙa mata kofin shayi mayafinta ya zame, tabon ya fito tun daga wuyan hannu har gwiwa, Goggo ta yi sauri ta sunkuyar da kai tana ta juya cokali a kofin da ba a sa masa suga ba, Mama kuma ta ja mayafin ta rufe kamar sanyi take ji. Lokacin ban kawo komai a raina ba. Tana tunawa kenan. Kuma da wannan take tako ƙafa ta zo gidan nan duk wata da ɗan abin hannunta, ni kuma in gaishe ta a tsaye.

Mun ƙarasa fim ɗin dai. A ƙarshe Sisko da Picard suka gaisa hannu da hannu, Sadiq ya kalle ni bai ce komai ba. A ganina sun yi saurin shirya su, irin wannan abu ba ya sauka da wuri haka, amma na ji daɗin ganin hannun nan.

Gobe akwai taro ƙarfe tara, kayan da zan sa ban goge ba, wuta kuma tun magariba.

Mama ta ce a soya dankalin da safe, a zuba wa Goggo nata a kula in biya in kai mata Anguwan Rogo kafin in wuce ofis. Da ma Sadiq ake aika. Ban amsa mata ba, amma na fere rabi na jiƙa a ruwa kafin in shigo ɗaki.