Ga bakaniken Nijar da ya sauka Apo: aikin motocin wasa

Ɗan'uwa, idan daga Maraɗi ko Damagaram ka taho da sana'ar gyaran mota a hannunka, Apo za a kai ka, domin nan garejin Abuja suka taru. Haya a cikin gari shekara guda ake biya gaba ɗaya, shi ya sa yawancinmu muke kwana a Kabusa, Waru ko Mararaba. Ka fara da takardun zamanka a hukumar shige da fice, sannan lambar NIN, don in babu ita babu layin waya, kuma masu motocin da za ka yi wa aiki ta waya suke turo kuɗi.

Aikin da ya fi tsoka a nan shi ne na matasan da ke sauya fasalin tokumbo, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, wasu don wasan juya mota, wasu don nuni. Hannunmu ya saba da motocin Turai masu shigowa ta Kwatano, amma a 2017 Najeriya ta hana shigo da mota ta kan tudu, mafi yawa yanzu daga Amurka suke zuwa ta Legas. Ma'auninsu daban ne. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, iskar taya kuma da psi ake faɗa: bar 2.2 da ka sani, psi 32 ke nan. Da yawansu motocin gwanjo ne da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci, saboda haka ka binciki lambar shasi mai harufa 17, ka ɗaga kafet ka duba laka da tsatsa kafin ka yi ciniki.

Masu wasa sun fi son BMW E36 da E46 da Lexus IS300, don tayoyin baya ke ja. Duk wanda ya zo, turbo da salansa mai ƙara zai fara tambaya. Ni a ganina, kada ka taɓa ƙarfin inji sai ka gama da ruwa da birki. A BMW tankin ruwan roba ne, yana tsagewa idan ya tsufa, wasu famfunan ruwan ma fiffikensu roba ne. A wasan juyi inji na ihu, mota kuwa gefe take tafiya, iska ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata. Ka sauya tanki da famfo da tiyo, ka sa lagireton alminiyom. Kada ka cire tamostat, abin da ke tare ruwa har inji ya ɗau zafi, kamar yadda aka saba: inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta zuba fetur fiye da kima, ya wanke baƙin man jikin silinda. A E46 ka leƙa inda ƙarfen da ke riƙe da aksil ɗin baya ya ɗauru da jikin mota. Wurin yana tsagewa, sai mai walda ya ƙara masa faranti. Man birki DOT 4 za ka zuba, yana jure digiri 230, DOT 3 kuwa 205.

Turbo a kan IS300 nan ake asarar inji. Injinta 2JZ-GE matsinsa, wato yadda fistin ke matse iska da fetur, 10.5 ne, na Supra mai turbo daga kamfani 8.5. Da fetur ɗin gidan mai, idan iskar turbo ta wuce psi shida ko bakwai, fetur zai riƙa kamawa da wuta kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daga nan fistin ya fashe. Sai an ƙara girman nozul da famfon mai, an sa na'urar sanyaya iska, an kuma saita kwamfuta. In babu mai saitawa, ka gaya wa Alhaji gaskiya ya haƙura.

Motocin nuni sun fi sauƙi. Ramukan wili sun bambanta: BMW irin su E36 da E46 5x120, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 120, yawancin Lexus da Accord 5x114.3, Marsandi 5x112. Wilin da aka tilasta yana karya kusoshi. Wajen sauke mota ƙasa, kada a yanke sifirin, shokazoba zai mutu da wuri. A sayi shokazoba mai zare wanda ake murɗawa, a bar tsayin da tukunyar baƙin mai za ta haye tudun rage gudu, sannan a sake saita tayoyi. Abin da ba ka samu a Apo ko Zuba ba, daga kasuwar Ladipo ta Legas ake aiko shi.

Baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda, kuma jami'an kiyaye haɗura suna tare mota a kan lamba da fitilu. Motar da aka liƙe mata difa da walda don tayoyin baya su juya tare tana zamewa a kwana idan an yi ruwa, ba ta hawa titi ba ce. Kai baƙo ne, kada ka yarda a ba ka ita ka gwada a babban titi. A ɗora ta a motar ja zuwa filin da aka killace, mai ita ya tuƙa, kai ka zauna gefe kana duban allurar zafi.