James Earl Jones: muryar da aka gina a kan in'ina

A farkon 1977, ana dab da kammala haɗa fim ɗin Star Wars, daraktansa George Lucas yana da matsala guda. Mutumin da ke cikin baƙaƙen kayan Darth Vader, mugun fim ɗin, wato David Prowse, ƙato ne ɗan Ingila, tsohon mai ɗaga ƙarfe, tsayinsa ya kusa mita biyu. Jiki dai ya yi, amma murya ba ta yi ba, don karin harshensa na mutanen Bristol ne, mai taushi, ba ya tsorata kowa. Lucas ya so ya kira shahararren ɗan wasa Orson Welles, sai ya ga jama'a za su gane muryar nan take. Daga nan aka nemo James Earl Jones. Ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, ya karanta maganganun Vader cikin kamar awa biyu da rabi, aka biya shi dala 7,000, ya kama gabansa. Shi da kansa ya ce kada a sa sunansa, don a ganinsa aikin Prowse ne, shi ƙari kawai ya yi. Sai a fim na uku, a 1983, sunansa ya fito.

Mutane da yawa suna cewa baiwa ce. Zurfin muryar kam baiwa ce daga Allah, amma yadda yake sarrafa ta koya ya yi, kuma da wahala ya koya.

An haife shi ranar 17 ga Janairu 1931 a Arkabutla, wani ƙauye a jihar Mississippi. Mahaifinsa, Robert Earl Jones, ya bar gida tun da wuri, ya yi dambe, daga baya ya zama ɗan wasa. Yana ɗan shekara biyar kakanninsa na wajen uwa suka ƙaura da shi arewa, zuwa wata gona a jihar Michigan, su suka riƙe shi. Bayan wannan ƙaura in'ina ta kama shi, mai tsanani, har ya daina magana a gaban mutane kusan shekara takwas. A gida yakan ɗan yi magana, yakan yi wa dabbobin gona surutu, amma a makaranta sai dai rubutu.

Ya kamata a fahimci yadda in'ina take, don ita ce ta tsara duk aikinsa. Iri uku ake gani: maimaita gaɓa, jan sauti ɗaya ya ƙi ƙarewa, da kuma toshewa, inda baki ya buɗe amma iska ta tsaya cak a maƙogwaro. Na ukun ya fi wahalarwa, don mai ita yakan yi ƙoƙarin tura kalmar da ƙarfi, wuya ya ɗaure, abin ya ƙara caɓewa. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita, maza kuma sun ninka mata sau uku zuwa huɗu. Abin da masu gyaran magana suka daɗe da sani shi ne in'ina takan ragu sosai, wani lokaci ta ɓace, idan mutum yana waƙa, ko yana karatu tare da wasu da murya ɗaya, ko yana faɗin abin da ya haddace mai kari da ma'auni. A nan ba ya neman kalma yana kuma ƙoƙarin furta ta a lokaci guda; kalmar tana nan a shirye, kuma karin ya riga ya nuna masa inda zai ja numfashi.

Wannan ƙofar ce malaminsa na Turanci, Donald Crouch, ya buɗe masa a makarantar sakandare ta garin Brethren. Jones ya rubuta waƙa a kan garehul, wannan babban lemo mai ɗaci-ɗaci. Malamin ya karanta, ya ce waƙar ta yi kyau da yawa, in dai shi ya rubuta, to ya tashi gaban aji ya faɗe ta da ka. Ya tashi, ya faɗe ta daga farko har ƙarshe bai sarƙe ba. Daga nan Crouch ya riƙa sa shi karatun waƙoƙi a bayyane da shiga muhawara. In'inar ba ta warke ba. Har tsufansa yana cewa shi mai in'ina ne, kuma a hirar da ba a rubuta ba ana jin yadda yake tsayawa ya zaɓi kalma. Abin da ya samu shi ne hanyar zagaye ta, kuma hanyar ita ce rubutacciyar magana.

Ya shiga Jami'ar Michigan da niyyar karatun likita, ya koma sashen wasan kwaikwayo, ya yi aikin soja har ya zama laftana, sannan ya tafi New York a tsakiyar shekarun 1950. A can ya haɗu da mahaifinsa, suka riƙa goge daɓen gidaje don samun na abinci, yana kuma koyon wasa a American Theatre Wing. Shekarun da suka biyo baya na dandamali ne, musamman wasannin Shakespeare da Joseph Papp yake shiryawa kyauta a fili a Central Park. Wannan shi ne ginshiƙin muryarsa, kuma shi ne abin da masu kwaikwayonsa a yau suke tsallakewa.

Ɗan wasan dandamali a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, yana fita sau takwas a mako, kuma dole na kujerar ƙarshe ya ji shi. Wanda ya ce zai yi haka da ƙarfin maƙogwaro, kafin mako ya ƙare muryarsa ta dishe. Ana koyon ja da iska zuwa ƙasa, ciki da haƙarƙari su buɗe, kafaɗu kuwa su zauna inda suke. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗora hannu a kan cibiya ka shaƙi iska, in hannun bai motsa ba sai kafaɗa ce ta ɗaga, numfashin bai sauka ba. Sannan a saki iskar a hankali, a raba ta daidai da tsawon jimla, don kada ƙarshen jimlar ya mutu. Muƙamuƙi a sake, harshe kada ya ja baya ya toshe hanya. Kuskuren da masu son babbar murya suka fi yi shi ne danne maƙogwaro ƙasa da gangan don murya ta yi kauri. Sauti yakan fito a shaƙe, baƙaƙe su narke, jijiyoyin murya su gaji, in aka daɗe a haka har ƙulli yakan fito musu. Ka saurari Jones da kyau: abin da ke riƙe kunne ba zurfin kaɗai ba ne, ƙarshen kowace kalma ne, yadda yake ajiye harafin ƙarshe a fili. Mutumin da ya yi shekaru yana kokawa da haruffa ba ya haɗiye ko ɗaya.

Fim ɗinsa na farko shi ne Dr. Strangelove na Stanley Kubrick a 1964, ƙaramin matsayi a cikin jirgin yaƙi. Abin da ya fito da shi shi ne The Great White Hope, wasan da aka gina a kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya a ajin masu nauyi. Ya ci lambar Tony, ta wasan dandamali, a 1969, kuma da aka mayar da wasan fim a 1970 aka sa shi cikin 'yan takarar Oscar na gwarzon jarumi, baƙar fata na biyu da ya kai nan bayan Sidney Poitier. Tony ta biyu ta zo a 1987, a wasan Fences na August Wilson, inda ya fito a matsayin mai kwasar shara, uba mai tsauri da duniya ta hana shi abin da ya cancanta. A nawa ganin, wanda yake son sanin ko waye Jones, daga nan ya kamata ya fara, ba daga Vader ba.

Aikin makirufo kuma wata sana'a ce daban, kusan kishiyar dandamali. Ba a ɗaga murya. Ana tsayawa kamar taƙi ɗaya daga makirufo, wato santimita 15 zuwa 20. Irin makirufon da ke ɗaukar sauti ta gaba yana ƙara kaurin murya idan aka matso kusa, don haka mai zurfin murya irin ta Jones, in ya matso da yawa, sai maganar ta zama gunji, ba a rarrabe kalmomi. Ana sa ɗan tankaɗe tsakanin baki da makirufo don ya karya iskar haruffa irin su b da p, ko a ɗan karkata baki gefe. Ana shan ruwa tun kafin a shiga, don busasshen baki yana ƙas-ƙas, kuma makirufo ba ya rufa wa kowa asiri.

Vader ya zo da sauƙi ɗaya da wahala ɗaya. Sauƙin shi ne fuska a rufe take, babu leɓen da za a daidaita magana da shi, saɓanin abin da masu fassara finafinan Indiya a Kano suke fama da shi kullum. Amma akwai motsin hannu da juyawar kai na Prowse, dole jimla ta fara ta ƙare a cikin wannan tsakanin. Wahalar ita ce duk abin da fuska za ta nuna, murya ce za ta ɗauka, kuma Lucas bai yarda ta yi yawo ba. Da aka zo fim na biyu, na 1980, Jones ya so ya ƙara wa muryar launi, Lucas ya ce a'a, ya riƙe ta a ƙunci, kada ta hau kada ta sauka sosai, don wannan halitta ba cikakken mutum ba ne. Hukuncin ya yi daidai. Muryar da ba ta rawa ta fi tsawa ban tsoro. Numfashin nan mai nauyi kuwa ba na Jones ba ne: mai haɗa sauti Ben Burtt ne ya sa ƙaramin makirufo a cikin na'urar shaƙar iska ta masu nutso, ya ɗauka, aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin maganar. Shi ya sa ake jin Vader yana magana yana numfashi a lokaci guda, abin da mutum ba zai iya ba. A wannan fim ɗin ne kuma aka ba Prowse jimlar bogi ya faɗa a wajen ɗauka don kada sirrin labarin ya fita, ainihin jimlar sai daga baya Jones ya ɗora ta.

A katun, wato fim na zane, tsarin juyewa yake yi. Murya ake fara ɗauka, sannan masu zane su bi ta, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Da ya yi zaki Mufasa a The Lion King na 1994, masu zanen sun kalli yadda fuskarsa take motsi yana karatu, suka sa wani abu na ta a fuskar zakin. Muryar ita ce dai ta Vader, amma ya sassauta ta, ya bar iska ta ɗan biyo sautin, ya yarda ta hau ta sauka, sai ga uba mai ɗumi. Wadda ta yi muryar matar Mufasa a nan, Madge Sinclair, ita ce kuma sarauniyarsa a Coming to America na 1988, inda ya fito a Sarki Jaffe Joffer, matsayin da mutanenmu da yawa suka fara ganin fuskarsa a ciki.

Sauran aikin yana da yawa. Ya fito a matsayin marubuci Alex Haley a ci gaban shirin talabijin na Roots a 1979, ya yi Admiral Greer a finafinai uku daga 1990 zuwa 1994, ya yi limamin coci Stephen Kumalo a Cry, the Beloved Country a Afirka ta Kudu a 1995. Ya ci Emmy, lambar yabo ta talabijin, biyu a shekara ɗaya, 1991. Muryarsa ce ta yi shekaru tana faɗin sunan tashar CNN. Akwai wani ɗan guntun aiki na 1969 a shirin yara na Sesame Street da ya kamata mai koyon furuci ya nema: yana kallon kyamara yana karanta haruffa ɗaya bayan ɗaya, yana barin tazara mai tsawo, don yaro ya samu damar faɗin harafin kafin shi. A 2011 aka ba shi Oscar na girmamawa, aka miƙa masa a kan dandamali a Landan bayan ya gama wasa.

A 2022, yana da shekara 91, ya amince a yi amfani da tsofaffin faya-fayensa a sake ƙera muryar Vader. Kamfanin Respeecher na ƙasar Yukiren ya yi aikin don shirin Obi-Wan Kenobi, a daidai lokacin da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu. Hanyar ita ce a horar da kwamfuta da tsohon sauti mai tsabta, wani mutum ya karanta sababbin jimloli, na'ura ta sauya launin muryarsa zuwa ta Jones na shekarun baya. Launin kawai take sauyawa. Inda za a tsaya, kalmar da za a danna, tsawon shirun da za a bari, duk daga mai karatun suke fitowa, kuma in ya yi gaggawa ko ya haɗiye ƙarshen kalma, haka za ta fito da muryar Jones a kai. A shekarar ce kuma aka sauya wa gidan wasa na Cort a Broadway suna zuwa nasa, gidan da ya taka a 1958 yana ƙaramin ɗan wasa. Ya rasu ranar 9 ga Satumba 2024 a gidansa da ke Pawling, jihar New York, yana da shekara 93.