Tensis na Turanci da yadda Hausa ke ja mana ƙafa a GRE da GMAT

Masu shirin tafiya mastas waje, musamman ƴan BUK da nake gani da tsofaffin littafan GMAT (jarabawar neman shiga mastas na fannin kasuwanci) da aka siyo a Sabon Gari, ku duba shekarar littafin nan tukunna. Tambayoyin gyaran jimla an cire su daga GMAT tun da aka fito da sabon tsari a ƙarshen 2023, GRE kuma, wato ɗaya jarabawar neman shiga mastas, dama ba ta da sashen nahawu na daban, rubutu ɗaya ne a minti 30. Amma fa kar wani ya ce ya huta da tensis (yadda aikatau ke nuna lokaci), a cikin rubutun GRE ɗin za a cafke ka, haka ma IELTS, jarabawar gwada iya Turanci, nahawu na da makinsa.

Ni a ganina matsalarmu daga gida take. Hausa ba ruwanta sosai da yaushe abu ya faru, ita dai an gama ko ana cikin yi. Jiya war haka yana karatu, yanzu yana karatu, gobe war haka ma yana karatu, kalmar ba ta motsa ba, jiya da gobe ne suka yi aikin. Turanci kuwa sai ka taɓa aikatau ɗin kansa, was, is, will be. Shi ya sa mutum zai fara labari da went, layi biyu kawai sai ga goes ya faɗo kuma wallahi kunnensa bai ji komai ba.

Wadda ta fi kayar da mutane ita ce had. Malam ya riga ya tafi, da muka iso malam ya riga ya tafi, duk ɗaya ne a wurinmu, amma na farko has left ne, na biyu had left, don abu biyu ne suka wuce ɗaya ya riga ɗaya.

Sai masu lesin da ke cewa in ka fara da past to ka ƙare da past. Rabin gaskiya ce wannan. In ka rubuta cewa masana sun gano duniya tana zagaya rana, ai har yau zagayawa take, present ɗin ya zauna daram. Canjawa ba laifi ba ne in dai lokacin da kake magana a kai ya canja.

In ka gama rubutu ka bar minti uku, ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka, wannan yaushe ya faru, kafin wancan ko bayansa?