Kafin ki kira mai gwangwan ɗakin kakarki

Ƙannena, musamman ku da ke shirin ɗaki ko kuka shiga bai daɗe ba, bari in ba ku labarin abin da har yau idan na tuna sai zuciyata ta sosu.

Shekarar da za a yi bikina aka yi gyaran gidanmu na cikin birnin Katsina. Kakarmu, wadda duk gidan ke kira Inna, ta rasu da 'yan watanni, ɗakinta na rufe. Ni ce na tsaya kai da fata sai an fitar da abin da nake kira tarkace, don a samu wurin ajiye kayan ɗakina. Na kira wani yaro mai gwangwan da ke yawo da kura a unguwarmu, ya ɗora kayan bisa sikeli, ya ƙirgo mini kuɗin da ko turmin atamfa ɗaya ba su saya ba. Ya tafi da samiru jeri biyu, da langa manya uku, da tasoshin tagulla, da fitilar ƙwai, da dutsen guga na gawayi.

Bayan kwana kaɗan Gwaggo ta zo daga Daura. Ta leƙa ɗakin, ta fito, ta ce, "Ɗiyata, ina jeren Inna?" Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi bakin ƙofa tana lissafa su ɗaya bayan ɗaya: wannan da shi aka kai Inna gidan miji, wancan da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta saye shi, tasoshin kuwa aikin Bidda ne, wani fatake ya kawo. Daga ƙarshe ta ce, "Kuma kin san gado ne ko? Ba a raba ba." Nan jikina ya yi sanyi. Kayan mamaci haƙƙin magada ne komai ƙanƙantarsa, ni kuwa jika ce, iyayena da 'yan'uwansu na raye. Sai da na bi su ɗaya-ɗaya na nemi yafiya. Sun yafe, amma kayan sun tafi, wataƙila ma an narkar da tagullar tun a makon.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne jere asusun mace ne. Iyayenmu da ba su da littafin banki, a kwano suke adana ribar sana'arsu. Idan matsi ya zo a cire ɗaya a ba dillaliya, idan ɗiya ta tashi aure a ɗebar mata. Kafin kwanon ya cika gari, ƙorai da tasoshi ake jerawa. Ki juya gindin tsohuwar samira ki duba, sau da yawa za ki ga tambarin inda aka ƙera ta: wasu daga Hong Kong, wasu daga Cakoslobakiya, ƙasar da ta rabu gida biyu a 1993, wasu kuma ƙirar nan gida. Don haka kafin ki je kasuwa neman kayan da, fara da ɗakin tsofaffin gidanku, kuma tun suna raye. Ki zauna ki tambaya: wa ya yi wannan, yaushe ya shigo gidan, me ake yi da shi? Ki rubuta, ko ki ɗauki muryarsu a waya. Idan ranki na son wani abu, ki roƙa a ba ki da bakinsu.

Abu ɗaya ya tsira daga ɗakin, wani adudu da mai gwangwan bai ɗauka ba don ba ƙarfe ba ne. A ciki na samu zanen saƙi baƙi mai ƙamshin rini, da ƙullin tsumma ɗauke da kwabbai masu huda na zamanin Turawa, da 'yan sulalla na kafin a koma naira da kobo a 1973. Adudun nan ne ya jawo ni cikin son tsofaffin kaya, kuma a nan na faɗa kuskure na biyu.

Nadama ta sa na koma saye ba ji ba gani. Duk abin da aka ce mini tsoho ne sai na ɗauka. Na taɓa kwashe adashi gaba ɗaya na zuba a akusa da ƙorai da tabarmi, har falo ya koma kamar rumfar kasuwa, mai gidan ya rasa inda zai miƙe ƙafa. Kuma rabinsu ba tsofaffi ba ne. Akushi da ma baƙi ake yin sa, da ƙarfe mai zafi ake ƙona jikinsa, saboda haka baƙinsa ba ya nuna shekaru. Wanda ya ci tuwo shekara da shekaru za ki ji cikinsa sumul, bakinsa ya ɗan cinye inda hannu ke kamawa, gindinsa ya goge. Sabo ma abin so ne, kuma sayensa taimakon masassaƙi ne, sai dai ki biya shi kuɗin sabo. Yanzu ba na sayen komai sai na riga na san inda zai zauna. Bango ɗaya na ware a falo: faya-fayai bakwai, da allon mahaifina mai zayyana a tsakiya, shi ke nan. Sauran na raba wa 'yan'uwa.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa a wajen kulawa na yi ta, da kyakkyawar niyya. Na sa soson ƙarfe na dirje wata langa mai furanni ja da kore don in fitar da tsatsa, sai na karce mata fuska, ƙyallin ya dushe har abada. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun ishe ta, a shanya ta bushe sarai, don inda ya ɓantale nan tsatsa ke kamawa. Tagulla tsamiya da toka take so, ko lemun tsami, kamar yadda iyayenmu ke yi, a wanke a goge nan take. Na shafa wa akushi man ƙyalli na kafintoci, ya koma kamar roba, ba a kuma iya cin abinci a ciki ba. Ɗan man gyaɗa a tafin hannu shi ne abincinsa. Na rataye faya-fayai a bangon da rana ke duka, cikin shekara guda rinin kabar ya koɗe. Adudun Inna kansa na ajiye a ƙasa jikin bango, da damina ta zo gara ta ci gindinsa, Allah ya sa na gani da wuri. Ki ɗaga kayan kaba da na itace daga ƙasa, ki riƙa juya su lokaci-lokaci. Ƙwarya kuma hunturu ne abokin gabarta. Idan ta tsage kada ki yar, ki nemi gyartai ya ɗinke ta; sun yi ƙaranci, amma a kasuwannin ƙauye ana samunsu, kuma ni ɗinkin nan ƙara mini son ƙwaryar yake yi.

Idan kina son idonki ya buɗe, ki je gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu. Ki dubi kayan, ki kuma dubi ginin kansa, kaurin bangon ƙasa da sanyin da yake riƙewa. Ni sai da na shekara talatin a garin nan ban taɓa shiga ba.

Daɗin da na fi ji, duk da haka, ban saye shi da kuɗi ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta koya mini ɗinkin faifai. Ana jiƙa kaba ta yi laushi, a tsaga ta siri-siri, a riƙa naɗe ta a kan damin ciyawa ana hudawa da basilla, zagaye bisa zagaye daga cibiya. Na farkon da na yi ya kumbura kamar malafa, ta ce na cika ja, ta sa na warware har sau uku. Yanzu bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi zagaye biyu ko uku, hankalina ya kwanta ƙwarai.

Makon jiya ɗiyar ƙanwata da za a aurar bayan Sallah ta zo ta tarar da ni ina ɗinki. Ta buɗe adudun, ta warware zanen saƙin ta shinshina, ta ce, "Umma, na wane ne wannan?" Na ce ta jawo kujera ta zauna, na kira Gwaggo a waya na sa a sifika, don ita ta san masaƙin da ya saƙa shi da ranar da Inna ta fara ɗaura shi.